Yadda za ka shiga ƙidayar tsuntsayen ruwa a wajen Maga da Logon

Duk Janairu sai wani ya tare ni wai me nake nema bakin tafkin Maga, a arewacin Kamaru, da asuba, ni ba masunci ba, ba manomin shinkafa ba, ga littafi a hannu kamar mai karɓar haraji. To tsuntsaye nake ƙirgawa, kuma ba ni kaɗai ba, ƙidaya ce ta duniya da aka faro tun 1967, ana yin ta tsakiyar Janairu, ƙungiyar Wetlands International ke tattara lissafin. Lokacin ne baƙin da suka gudo wa sanyin Turai suka zauna wuri ɗaya, a nan kuma ruwan fadama ya fara ja da baya, kowane tsuntsu ya taru inda ya rage.

Dattawan garin Zina za su gaya maka tun da aka yi madatsar Maga a 1979 ambaliyar da ke shayar da fadamar Waza-Logon daga kogin Logon ta ragu, kifi da ciyawa suka ja baya, sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwan wata hanya. Gauraka ma da muke alfahari da ita tana jerin masu fuskantar barazana a duniya, ana kama ta ana kai wa masu kuɗi su ajiye a tsakar gida. Amma "da can sun fi yawa" ba hujja ba ce a gaban hukuma, lamba ake so.

Farko kar ka tafi kai kaɗai. Je ofishin ma'aikatar gandun daji mafi kusa ka tambayi masu fita ƙidayar bana, makarantar koyon aikin namun daji ta Garwa ma nan ne ake horar da ƙwararrun. Ka gaida bulama ko lawan kafin ka tsaya a ƙasarsa da madubin hangen nesa, wallahi a yanayin tsaron yanzu wanda aka gani yana leƙe-leƙe ba a san shi ba sai ya sha tambaya, gandun dajin Waza kuwa ba a shiga sai da izini.

Kayan aiki ba yawa: madubin ko na aro ne, littafi, fensir don biro na zuba in ya jiƙe, ruwan sha, rigar sanyi mara ƙyalli. Ka isa kafin rana ta fito, ka tsaya rana na bayanka, in ka fuskance ta duk baƙaƙe za ka gani.

Yanzu ga ainihin aikin. In garken kaɗan ne ƙirga ɗaya-ɗaya. In kirinjijiya ce, wato agwagwar daji, ta rufe ruwa, ƙirga goma a gefe ɗaya ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, sai ka bi garken kana aza wannan ma'aunin, goma, ashirin, talatin, in sun yi yawa sosai ka koma ɗari-ɗari. Mutum biyu ya fi, ɗaya ido a madubi yana faɗa, ɗaya na rubutawa nan take. Fitata ta farko ɗoki ya sa na matsa kusa don in ga wasu ɗinya da kyau, kawai sai fuuu duk tafkin ya tashi sama, malamin da na biyo ya sauke madubi ya dube ni ya ce, yaro, ai sai ka bi su sama ka ƙirgo mana. Awa guda muka zauna kan tudu muna jira, da suka dawo kuma sun cakuɗe, wanda aka ƙirga da wanda ba a ƙirga ba, dole aka faro daga farko.

Abin da ba ka gane ba kar ka laƙa masa suna don kunya, rubuta "agwagwa, ban tantance ba", ka ɗauki hoto. Balbela, zalɓe, jinjimi, kwasakwasa, borin tunke, waɗannan ko yaro ya san su, ƙananan masu dogon baki da ke tsattsage a laka su ne ke rikita mutum. Kuma dan Allah kar ka ƙara gishiri, in gauraka uku ka gani uku ne, in babu ko ɗaya rubuta sifili, wannan sifilin shi ne zai nuna wa na baya cewa wurin ya lalace. Shi ya sa ake komawa wuri ɗaya kowace shekara, ana tsayawa inda aka tsaya bara.

Rubuta kwanan wata, lokacin farawa da gamawa, yawan ruwa, ko akwai shanu ko masu kamun kifi da kalli ko tarko a wurin. Takardar ka miƙa wa shugaban tawaga ranar, sauran watanni kuma kana iya zuba abin da ka gani a manhajar eBird, kyauta ce, tana aiki ko ba netwok sai ka dawo gari ka tura. In ka ci karo da gauraka da 'ya'yanta a faɗa wa shugaban kawai, kar a sa hoton da sunan ƙauyen a Facebook, masu kamun ma suna da waya.