Babi na 6: Allurar ƙari ga mai ciwon da ake zama da shi

Darasi na 1

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. A buɗe littafi, a ajiye fensir kusa. Wanda ya zo da ledar magani ya ɗora ta a cinya.

Makon jiya bayan sallar Isha wata Hajiya daga Shara Mansur a Makka ta ce da ni: "Malam, ni da nake fama da sukari da hawan jini, in je in ƙara wa kaina allura? Mai lafiya ma sai da ta kwantar da shi." Rabin aji suka ce gaskiyarta. To Hajiya, ki yi haƙuri, maganar ta juye. Murar da za ta bar jikanki bayan kwana uku, ita ce take kai mai sukari, mai ciwon zuciya, mai asma ko mai ciwon ƙoda gadon asibiti. Shi ya sa ku ake fara kira in lokacin allura ya zo.

Mece ce allurar ƙari? Wanda ya yi makarantar allo ya san hadda: in babu tilawa, sai ta zube. Rigakafin farko shi ne haddar, allurar ƙari ita ce tilawar. A mustausaf, wato ƙaramin asibiti, za ku ji ana cewa "jur'a tanshiɗiyya". Ita ce. Ta mura duk shekara ake yi kafin sanyi ya shiga, don ƙwayar tana sauya kama. Ta sarƙe haƙora, wadda ake ɗauka daga rauni mai datti, bayan shekara 10. Ta sanƙarau, wadda ake nema ga mai aikin Hajji, tana ɗaukar shekara 3 ko 5 bisa ga irin da aka yi maka, kuma a yi ta aƙalla kwana 10 kafin aikin. Ta korona an fara ta a Saudiyya a Disamba 2020, aka fara ƙari a 2021, kuma ko kana buƙatar wata yanzu, likita ne zai duba.

Duk likitan da ka je wurinsa, tambayarsa ta farko ɗaya ce: yaushe aka yi maka ta ƙarshe? A nan muke faɗuwa.

"Bayan Sallah" ba amsa ba ce, Baba. Wace Sallah? "Shekarar da Iya ta tafi gida" likita bai san Iya ba. Rana yake so, da wata, da shekara. Ɗauko katin allurar, ko ka sa yaro ya buɗe maka Sehhaty, manhajar Ma'aikatar Lafiya, a waya. Ɗora yatsa a kan layin kwanan wata. Za ka ga lambobi kashi uku, da sanda a tsakaninsu. Nemo kashin da yake da lamba huɗu. Shi ne shekara. Na tsakiya wata ne. Wanda ya rage rana ce.

Yanzu dubi shekarar. In ta fara da ١٤, wato 14, ta Hijira ce. In ta fara da ٢٠, wato 20, ta Miladiyya ce. Wani lokaci za ka ga هـ a gefen ta Hijira, ka ga م a gefen ta Miladiyya. Kada ka haɗa su. Shekarar 1445 ta fara a Yuli 2023 ta ƙare a Yuli 2024, ka ga ta taka shekaru biyu. Kada ka yi lissafin juya ta da kanka. Ka kwafa yadda ka gani.

Mu sake. Yatsa a kan layi. Lamba huɗu, shekara. Tsakiya, wata. Saura, rana. Madalla, da kyau.

Lambobin Larabci uku ne suke yaudararmu. Wannan ٥ mai kama da ƙwai biyar ce, ko da yake ta yi kama da sifili na boko. Sifilinsu ɗigo ne kawai, ٠, kuma ba datti ba ne a kan takarda, kada a goge shi da farce. Wannan ٦ ta yi kama da bakwai, amma shida ce. Na taɓa ganin wani Alhaji ya kwafa ٢٠٢٠ a matsayin 22, ya zubar da ɗigo biyu don yana ganin ƙura ce. Babu abin kunya, ni ma da na zo ƙasar nan sai da ٥ ta sa na ƙi biyan riyal biyar a baƙala, wato kanti, ina cewa ai sifili aka rubuta.

A rubuta wannan da lambar boko: ٢٠٢٣/١٠/٥. Lamba huɗu, 2023. Tsakiya, 10, wato Oktoba. Saura, 5. Wanda ya rubuta sifili a ƙarshe ya goge, ya sake duban ƙwan. A hankali, ba a kore mu ba.

Sai kuma wannan: ١٤٤٥/٦/١٥. Da me shekarar ta fara? Da 14. Ta wace ce ke nan? Ta Hijira. Watan shida ne, ba bakwai ba.

Iyayena, zan faɗi magana, ku gafarce ni. Wannan shi ne mako na uku muna kan layin nan, kuma mutum huɗu sun zo yau babu katin. Kuna iya riƙe kuɗin adashi na wata goma a ka, babu riyal ɗaya da yake ɓata, amma kwanan watan allura ɗaya ya gagara? Ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza ba, raina abin kuka yi. Gobe wanda ya zo hannu rabbana, zai koma ya ɗauko.

Darasi na 2

A sabon shafi rubuta layi uku: sunan ciwonka, kwanan watan allurar ƙarshe kamar yadda muka koya, da ko wata allura ta taɓa kumbura maka fuska ko ta toshe maka numfashi. Magunguna kuwa kada ka wahalar da kanka da rubuta sunansu. Zuba kwalayen duka a leda ka kai, har da na gargajiya. "Farar ƙwaya ƙarama" ba suna ba ne.

Ga dalilin ledar. Mai shan maganin tsinka jini, ana danne masa wurin allurar minti biyu ko fiye. Wanda aka yi wa dashen ƙoda, ko yake karɓar maganin ciwon daji, ko ya daɗe yana shan kotizon mai yawa, akwai allurar da take da ƙwaya mai rai, kamar ta shawara, wadda ba a yi masa sai da izinin likitansa. Sauran kuma likita zai zaɓa masa ranar da ta dace. Mai wankin ƙoda ya tambayi ta ciwon hanta. Mai sikila ya tambayi ta nimoniya.

In kana da zazzaɓi ranar, ka faɗa, a ɗaga maka. Mai tambaya ya kira 937, lambar Ma'aikatar Lafiya.

Darasi na 3

Bayan allura zauna minti 15 kafin ka tafi. Hannu zai yi tsami, jiki ya yi ɗumi kwana ɗaya ko biyu. Panadol ya isa. Mai ciwon ƙoda kada ya sha Brufen. Mai sukari ya ƙara yawan gwaji, don yana iya hawa kaɗan. Kada ka daina maganinka. Numfashi ya ɗauke ko fuska ta kumbura, asibiti nan take.

Darasi na 4

Kwafa kwanan watan sabuwar allurar a littafinka. Lamba huɗu, tsakiya, saura. A kawo ranar Asabar.