Masu noman kabewa: ku riƙa duba furen da sassafe

Salamu alaikum 'yan uwa. Wanda kabewarsa ke cika fure amma 'ya'yan suna yin rawaya suna kaɗewa tun suna ƙanana, ya fara duba furen kafin ya ɗora laifi a kan taki.

Fure iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya. Namijin shi ke fara fitowa, sandarsa doguwa ce siririya, a tsakiyarsa akwai wani ɗan tsinke mai garin rawaya. Macen kuwa za ka ga ɗan ƙullutu a ƙarƙashinta kamar 'yar kabewa, tsakiyarta kuma na da danƙo. Sai garin nan ya sauka a kan danƙon, sannan ƙullutun zai girma. Aikin ƙudan zuma ne, to idan ana feshin magani da safe, an kore su ke nan. A bar feshi sai yamma.

In ƙudan sun yi ƙaranci, yi da hannunka. Tsinko namiji tun hantsi bai yi ba, cire ganyen furen, ka goga tsinken a tsakiyar macen a hankali. Kar a makara, furen kwana ɗaya yake yi, kafin azahar ya rufe. Kankana ma haka take, sai dai furenta ƙanana ne, sai an sa ido sosai.