Yadda Ake Tattara Tarihin Magidancin da Bai Bar Komai a Rubuce Ba

Mutumin da ya yi zamansa a ƙaramin gari, yana fita neman halaliyarsa da sassafe yana komowa cikin iyalinsa da yamma, ba a samun labarinsa a jarida. Abin da ya bari a warwatse yake: wani a bakin tsofaffi, wani a ƙasan akwati, wani a cikin wayar da yake riƙewa. Idan 'ya'ya ko jikoki suka yi niyyar haɗa shi wuri guda, su fara da abin da ya fi saurin salwanta, rubutu ya zo daga ƙarshe.

Wayar marigayi ce ta fi gaggawa, ita kuma aka fi sakaci da ita. WhatsApp yakan share asusun da ya yi kwana 120 ba a hau intanet da shi ba. Google yana iya rufe asusun da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, ya tafi da hotunan da ke ciki. Kamfanonin waya su ma sukan sayar wa wani layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba. Don haka ku ci gaba da yi wa wayar caji, kada a cire layin, kada a ba wani yaro ya goge ta ya mai da ita tasa. In tana da lambar sirri, ku bar yin cinke: wasu wayoyin sukan kulle na tsawon lokaci, wasu ma an saita su su goge komai bayan kuskure 10. In kun samu ta buɗe, ku haɗa ta da kwamfuta da igiyar caji ku kwashe hotuna da bidiyo. Sannan ku bi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya su turo saƙonnin murya da ya taɓa aika musu, ko da gaisuwa ce ta daƙiƙa goma. Mutum ɗaya da kowa ya yarda da amanarsa za a damƙa wa wannan aiki, domin a cikin waya akwai sirrin mutane da yawa, ba na mai ita kaɗai ba.

Daga nan sai tsofaffi. Ku rubuta sunayen waɗanda suka san shi, ku jera su bisa shekaru da ƙarfin jiki, ku fara da wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya. Yayyensa da ƙannensa, abokan tashinsa, wanda ya koya masa sana'a in yana raye, yaran da suka koya a hannunsa, maƙwabcin da suka shekara talatin katanga ɗaya. Matarsa ta fi kowa saninsa, amma kada ku tunkare ta da tambayoyi a makonnin farko. Ku bari sai ta nuna tana son yin maganar.

Kowa a zauna da shi shi kaɗai. In aka tara mutane, mai ƙarfin murya ne zai kwashe zancen, sauran su yi ta gyaɗa kai, mata da ƙanana kuma su yi shiru. Ku nemi izinin ɗaukar murya tun kafin ku danna komai. A sa wayar a yanayin jirgin sama don kira kada ya katse ɗaukar, a ɗora ta a kan ninkakken mayafi kimanin santimita 30 daga bakin mai magana, a kashe fanka da rediyo. Ku ɗauki gwaji na daƙiƙa 20 ku saurara. Farkon abin da zai shiga ɗaukar shi ne sunan mai magana, dangantakarsa da marigayi da kwanan wata. Zama ɗaya kada ya wuce minti 45 zuwa awa guda, domin tsoho yana gajiya, da ya gaji kuma sai ya koma maimaitawa. Wurin ajiya a cikin wayar ba matsala ba ne: ɗaukar murya ta yau da kullum ba ta cin fiye da megabayit ɗaya a minti.

A wajen tambaya ne aikin yake kyau ko ya lalace. Duk wanda kuka ce wa "Wane irin mutum ne Baba?" amsa ɗaya zai ba ku: mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai riƙon zumunci, Allah ya jiƙansa. Gaskiya ya faɗa, amma jikan da bai taɓa ganinsa ba ba zai gane kakansa a cikin waɗannan kalmomi ba, tunda duk mamaci haka ake faɗa a kansa. Ku tambayi abin da ido ya gani. Ƙarfe nawa yake barin gida? Da me ya fara sana'a, wa ya ba shi jari ko kayan aiki? Wace shekara ce ta fi yi masa tsanani, me ya sayar ya fita daga cikinta? In kuɗin makarantar yara ya zo ba shi da shi, ina yake nufa? Wane aiki ne ya ƙi karɓa, saboda me? Me yake sa shi fushi, yaya kuma yake sauka? Wace magana ce ba ta barin bakinsa? Abokan sana'arsa ku tambaye su yadda hannunsa yake a aiki, abin da ake gane aikinsa da shi ko ba ya wurin. 'Ya'ya mata ku tambaye su ranar da ya raka su wani wuri, ko abin da ya ce musu daren da za su bar gida.

Idan mai magana ya yi shiru, kada ku yi saurin cike gurbin. Sau da yawa abin da ya fi daraja bayan wannan shirun yake fitowa. In hawaye ya zo, a dakatar da ɗaukar, a jira. Ku tafi da wani abu nasa, tsohon hoto ko agogonsa ko wani kayan aikinsa, ku miƙa wa tsohon ya riƙe. Yakan tuno masa abin da tambaya ba za ta tono ba.

A daren da aka yi hira a saurare ta, a fitar da muhimman wurare tare da mintin da suke. Rubuta hira kalma bayan kalma yana cin awa huɗu zuwa shida a kan kowace awa ta magana, saboda haka ku zaɓi wuraren da za ku kwafe daidai, sauran ku taƙaita.

Shekaru za su ba ku wahala. Ku ɗauki takarda ku ja layi uku: shekara, abin da ya faru, da wanda ya faɗa ko takardar da ta nuna. Tsofaffi ba su cika riƙe lamba ba, amma suna riƙe da jeri: an yi kaza kafin a haifi wane, ya gina ɗakin nan shekarar da aka yi kusufin rana. Ranar haihuwar yaro tana cikin takardar makarantarsa, ranakun kusufi kuma a lissafe suke a intanet. In an ba ku shekarun Hijira, ku tuna shekarar Hijira ta fi ta Miladiyya gajarta da kimanin kwana 11, wato tsawon shekaru 33 na Hijira daidai yake da kusan shekaru 32 na Miladiyya. Inda mutum biyu suka saɓa, ku nemi na uku ko takarda. In ba a samu ba, ku rubuta "wajen shekarar kaza". Ranar haihuwar da ke kan katin shaida ma a bincika ta, domin da yawa ƙiyasi aka yi lokacin cike takarda.

Hotuna da takardu kada a kai su a liƙe su da leda mai zafi. Zafi da gam ɗin suna cin hoto, kuma ba a iya warware shi. Haka salatif, yana yin ruwan ɗorawa ya bar tabo. Hoton da ya manne da gilashin firam kada a ɓamɓare shi, a ɗauke shi a yadda yake. A na'urar sikana, takarda tana son 300 dpi (dpi ma'aunin fitowar hoto tar ne, wato yawan ɗigo a kowane inci), ƙaramin hoto 600 dpi, don a iya faɗaɗa shi. In da waya za a ɗauka, a shimfiɗa hoton kusa da taga da rana, a kashe filasha, a riƙe wayar a miƙe daidai samansa. A ɗauki bayan hoton shi ma, can ne ake samun hatimin mai hoto ko kwanan wata. Sunayen mutanen ciki a rubuta su a baya da fensir mai laushi, ban da biro, kuma a yi hakan tun masu gane fuskokin suna nan. Rasit irin na injin kanti yana kodewa cikin 'yan shekaru, shi za a fara ɗauka. Littafin lissafinsa, ko na bashi da ciniki ne kawai, kada a yar: rubutun hannunsa ne, kuma yana nuna yadda ya riƙe gidan wata bayan wata. Kaset in akwai, a ɓalle ɗan harshen da ke samansa don kada a ɗauki wani abu a kai, a gwada rikodar da wani kaset daban kafin a sa shi. Wajen tura hoto ta WhatsApp a tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai rage masa inganci ya cire bayanin ranar da aka ɗauke shi.

Rubutun kansa ba ya son ado. Ku bi shi daga haihuwa zuwa rasuwa, kowane hali da kuka ambata ku kawo aikin da ya tabbatar da shi. Maimakon "yana son iyalinsa", ku faɗi abin da ya yi shekarar da matarsa ta kwanta jinya. Maganganun mutane ku bar su da lafazinsu, kada ku gyara wa tsohuwa harshe. Ba dole ne a mai da shi waliyyi ba. In mai zafi ne a wajen aiki a faɗa cikin ladabi, waɗanda suka zauna da shi za su fi yarda da sauran. Amma rigimar gado, bashi da sirrin aure ba nan ne wurinsu ba. Abin da za a karanta a gaban jama'a kada ya wuce kalma 400, kimanin minti uku ke nan. In ɗan littafi za a buga mai maƙalli a tsakiya, shafukansa su zama ninkin huɗu, kamar 16 ko 24.

Kafin a buga ko a ɗora a intanet, a karanta wa manyan gidan. Kuskuren da ya fi haddasa ɓacin rai shi ne tsallake suna: ɗan da ya rasu yana ƙarami, matar da suka rabu, marayan da ya riƙa kamar nasa. A sa mutum biyu daga ɓangarori daban-daban na iyali su duba jerin sunayen. Abin da zai fita fili a cire masa cikakkiyar ranar haihuwa, lambar katin shaida, bayanan banki da adireshin gida, saboda 'yan damfara suna amfani da su.

Ajiya ta zama kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wani gida daban ko a ma'ajiyar intanet. Filas kaɗai ba abin dogaro ba ne, yana ɓata, yana kuma lalacewa ba tare da alama ba. Sunan kowane fayil ya fara da shekara, sai sunan mutum, sai abin da ke ciki. Takardun asali a sa su a akwatin da ke rufuwa sosai, a ɗaga shi daga ƙasa kuma nesa da bango saboda gara da danshi, tunda laima in ta haura kashi 65 cikin ɗari fumfuna na kama takarda. Sau ɗaya a shekara a buɗe akwatin a duba, a kunna fayilolin a tabbatar suna buɗewa, sannan a nuna wa wani matashi a gidan inda komai yake da lambar sirrin shiga.