Yadda Za Ka Shirya Wasan Antigon a Maradi Ba Tare da Ka Mai da Sarki Dodo Ba

Idan kana koyar da yara wasan kwaikwayo a lakwal ko a gidan matasa, kuma ka gaji da wasan auren dole da na kishiya, ɗauki Antigon. Sofokilis ne ya rubuta shi a Atina ta ƙasar Girka, wajen shekara 440 kafin haihuwar Annabi Isa. Ƴan'uwa biyu sun kashe juna kan sarautar birnin Tebes. Kireyon, kawunsu, ya hau gado, ya ce a yi wa Eteyokil jana'izar girma, Polinis kuwa da ya kawo yaƙi garin a bar gawarsa ga ungulu, duk wanda ya rufe shi kisa. Ƙanwarsu Antigon ta ce sai ta rufe shi.

Fara da zaɓen rubutun da za ka gina a kai. Na Jean Anouilh, wanda aka fara yi a Paris a 1944 lokacin da Jamusawa ke riƙe da birnin, shi ne ya fi sauƙin samu a wurinmu tunda da Faransanci yake. Amma ya cire Tiresiyas, makahon dattijon da ke faɗa wa sarki gaskiya, ni kuma ba na yin wasan nan babu shi. Na kan ɗauki ƙashin labarin daga Sofokilis, in ari abu ɗaya daga Anouilh: wurin da Kireyon ke gaya wa yarinyar cewa gawawwakin biyu sun dagule har bai san wacce aka binne ba. In ba ka da kuɗin kaya kuwa, dubi abin da Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona suka yi a Afirka ta Kudu a 1973: fursunoni biyu a tsibirin Robben suna shirya Antigon da bargo da tarkacen kurkuku, kuma ya wadatar.

Wurin da aikin yake shi ne Kireyon. Da an raba matsayi, yaron da ya samu sarki zai fara zare ido yana daka tsawa, don ya ɗauka azzalumi ne kawai. Hana shi tun ranar farko. Mutumin nan ya karɓi gari washegarin yaƙi, jini bai bushe ba, wanda ya kawo maharan kuma ɗan ƴar'uwarsa ne. In ya yi masa sassauci, gobe wa zai ji tsoron cin amanar gari? Ba wa mai wasan ka babbar riga da rawani, ka sa shi ya yi magana a hankali kamar mai sasanta rikicin gona, har ƴan kallo su fara gyaɗa kai. Mandela da kansa ya taka Kireyon a kurkuku, ka ga ba matsayin raini ba ne. Mutanen Maradi sun san darajar fada, kuma sun san rufe mamaci farilla ce a kan al'umma. Abubuwan nan biyu kake so su yi karo a zuciyar mai kallo, in ɗaya ya fito ba nauyi wasan ya mutu kafin a kai rabi.

Ita ma Antigon kar ka wanke ta tas. Tana da taurin kai, ta kuma yi wa ƴar'uwarta Isman magana mai zafi. Hemon da za ta aura ɗan Kireyon ne, auren zumunci ke nan, don haka rigimar ta cikin gida ce. Na kan sa ta shigo ta durƙusa ta ce «Kawu», shi kuma ya ƙi amsawa har sai dogari ya tsawata mata ta ce «Ranka ya daɗe». Daga nan kowa ya gane inda aka dosa.

Mawaƙan taro na Girkawa, wato ƙungiyar da ke waƙa da sharhi a cikin wasan, dattawan Tebes ne su goma sha biyar. Shida sun ishe ka. Zaunar da su a tabarma gefen sarki da carbi a hannu, su riƙa cewa «Gaskiya ne» ga duk wanda ya yi magana ƙarshe, sai Tiresiyas ya tafi sannan su sami bakin ba sarki shawara. Mai kalangu ɗaya ya raba tsakanin fitowa da fitowa.

Kar ka cire dogarin da ya kawo wa sarki labarin an rufe gawar. Tsoro ya cika shi, yana ta kewaye-kewaye, nan ne kaɗai jama'a za su yi dariya. Ya ce da tsakar rana guguwa ta taso ta rufe fili, da ta lafa sai ga yarinya tana kuka kan gawa. Wannan ba sai ka yi wa ɗan Maradi bayani ba. Ni na kan nuna shi a fili: farin ƙyalle a ƙasa, ƙwarya cike da yashin gulbi, ta ɗiba da hannu biyu ta zuba sau uku, ba magana.

Batun allolin Girka: bar labarin a Tebes, da sunayensu, ka rage kiran Zeus, babban allansu, Antigon ta ce dokar da ba ɗan Adam ya kafa ta ba. Kuma kar ka yi wa sarkin shigar wani shugaba mai rai, za a bar wasan a koma gardamar siyasa. Mutuwar Antigon da Hemon da uwarsa duk a bayan fage suke, manzo ne ke ba da labari, haka Girkawa suka yi, ka bar shi haka.

Tsare wasan kada ya wuce awa ɗaya da kwata. Fara bayan isha'i, ka tanadi janareto da fitila biyu saboda ɗaukewar wuta, ka kuma horar da yara su ɗaga murya har layin baya ya ji ko lasifika ta ƙi.