Borrow da lend: fara duba inda biron ya dosa

Ina koyar da Turanci a wani darasin yamma a Mabera, yawancin ɗalibaina masu shirin WAEC da NECO ne, kuma da wuya mako ya wuce ban ji wani ya zunguri na kusa da shi ya ce "borrow me your biro" ba. Ba na ganin laifinsu. A Hausa tushen ɗaya ne: na ari biro, ara mini biro. Yaro da ya tsinci borrow sai ya ɗora mata kaya biyu, ita ce karɓa, ita ce bayarwa. Bature kuwa ya raba su, kowace da aikinta.

Ga yadda nake yi. Ina fito da yaro gaban allo, in riƙe jan birona, in tambayi aji: a jimlar nan, wanda ya yi aikin, abin zai shiga hannunsa ne ko zai fita daga hannunsa? In shiga zai yi, borrow ce. In fita zai yi, lend ce. Sai in miƙa masa biron in ce "I lend", shi kuma ya karɓa ya ce "I borrow". Mukan maimaita har sai sun fara dariya.

Daga nan sai abokan tafiyarsu. Borrow da from take tafiya: "I borrowed a mat from my neighbour." Lend kuma da to, ko ta ɗauki mutumin kai tsaye: "He lent a mat to me" ko "He lent me a mat." Nan ne wuyan aikin. Borrow ba ta yarda a manna mata wanda za a ba abin. Don haka duk inda ka ga bakinka na shirin cewa me, ko him, ko us bayan kalmar, lend kake nema. Roƙon biron nan hanya biyu gare shi, duka daidai: "Can I borrow your biro?" ko "Can you lend me your biro?" Lura da wanda ke gaba, I ko you.

Na abin da ya wuce: borrowed, amma lent. Babu lended, kada ka rubuta ta a takardar jarrabawa.

Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in kuɗi ne hwa, mi za a ce?" Tambayar ta burge ni, don mu muna bambanta aro da rance. Tabarma aro ce, ita ɗin za ka mayar. Kwanon gero ko naira 5,000 rance ne, madadinsa za ka biya. Bature bai damu da wannan ba, kuɗi ko turmi duk borrow da lend ne. Loan kuma an fi amfani da ita a matsayin suna, kamar rancen banki.

Aikin gida da na ba su ran nan jimla biyu ne kacal, kai ma gwada: "Inna ta ari turmi wurin maƙwabciya", da "Maƙwabciya ta ara wa Inna turmi".