Yadda ake zama jami'in kariya daga radiyeshin, da yadda ake ci gaba da sabunta ilimin

Duk asibiti ko kamfanin da ke aiki da injin eksire, ko sitikan (injin hoton CT), ko wani sinadari mai fitar da radiyeshin, doka ta ɗora masa ya naɗa wanda zai tsaya kan lafiyar ma'aikata da ta jama'a. Shi ake ce wa RSO, wato jami'in kariya daga radiyeshin. A Gombe da Bauchi aikin bai tsaya a ɗakin hoto na asibiti ba. Masu gina titi na auna ƙarfin daɓe da na'ura mai ɗauke da siziyum, masu haƙar mai kuma, irin aikin Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022, kan zura irin waɗannan sinadarai cikin rijiya don gane yanayin duwatsu.

Abu na farko shi ne tushen karatu. Digiri a fiziks, ko radiyogirafi (ilimin ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti), ko injiniyanci ya fi dacewa. Fiziks akwai shi a ATBU Bauchi da Jami'ar Jihar Gombe, radiyogirafi kuwa ana yinsa a Maiduguri da Bayero ta Kano da Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato. In kai mai ɗaukar hoton asibiti ne, lasisinka na RRBN, hukumar rajistar masu wannan aiki, ya kasance na bana.

Daga nan ka nemi dokar ka karanta da kanka tun kafin ka je kwas. Dokar 1995 ce ta kafa NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya; hukumar ta fara aiki a 2001, ta fitar da ƙa'idojin kariya daga radiyeshin da ake kira NiBIRR a 2003. Lambobi biyu ka haddace: ma'aikaci kada ya wuce milisibat 20 (ma'aunin radiyeshin da jiki ya sha) a shekara idan aka raba jimillar shekara 5, ɗan gari kuma milisibat 1. Ka kuma riƙe cewa ninka tazara tsakaninka da injin na mai da abin da ke isa jikinka kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai horon kansa, kuma a nan ne mutane ke asarar kuɗi. Takardar da hukuma ke karɓa ita ce ta wurin da NNRA ta amince da shi. Cibiyar kariya daga radiyeshin ta NIRPR da ke Jami'ar Ibadan ta hukumar ce, tana horar da RSO. Mafi kusa da mu akwai cibiyar binciken makamashi ta CERT a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda tukunyar nukiliyar bincike ta NIRR-1 ke aiki tun 2004. Idan wani kamfani ya kawo kwas otal a Gombe ko Bauchi, kafin ka biya ko sisi ka ce a nuna maka takardar amincewar NNRA, ka duba ranar da ke jiki. Ka kuma zaɓi kwas ɗin fanninka, domin na asibiti daban, na masana'antu daban. A wajen horon ka dage a ba ka mitar awon radiyeshin ka riƙe a hannunka, ka auna bayan ƙofar dalma, ka auna gefen taga, ka ga lamba na hawa tana sauka.

Takardar kwas kaɗai ba ta mai da kai RSO. Shugabannin wurin aikinka ne za su naɗa ka a rubuce, a tura sunanka ga hukuma cikin takardun lasisin wurin. Ka nemi wasiƙar ta faɗa ƙarara cewa kana da ikon tsayar da aiki idan ka ga haɗari. Ina ganin wannan layi ɗaya ya fi komai nauyi a cikinta, don ranar da rigar dalma mai tare radiyeshin ta tsage ga marasa lafiya cike da benci, shi zai tsaya maka a gaban oga.

Ranar da ka kama aiki ka buɗe fayil. Bajen TLD na kowane ma'aikaci, wanda ke auna radiyeshin da ya isa jikinsa, a maƙale a ƙirji, ƙarƙashin rigar dalma, a kai shi a karanta a kan lokaci, a ajiye sakamakon da sunan mai shi. Kada a bar shi rataye a ɗakin hoto bayan an tashi, ko cikin mota a zafin Afrilu. Mitar awo a kai ta a daidaita duk shekara; NIRPR na da ɗakin gwajin yin hakan. Ma'aikaciyar da ta sanar da juna biyu a sake tsara mata aiki yadda abin da zai isa ga ɗan da ke cikin ba zai wuce milisibat 1 ba.

Karatu kuwa dole ya ci gaba, saboda lambobin kansu na canzawa. A 2011 ICRP, hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga radiyeshin, ta sauke iyakar da ta shafi ido daga milisibat 150 zuwa 20 a shekara; wanda bai koma aji ba har yau tsohuwar lamba ce a kansa. Ka riƙa komawa kwas ɗin sabuntawa kafin lokacin sabunta lasisin wurinku. Masu ɗaukar hoto su tara makin CPD, wato na ci gaba da ƙaro ilimi, da RRBN ke nema. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, da ke Biyana na da darussa kyauta a intanet, ana iya binsu ta waya, tana kuma ɗaukar nauyin kwas mai zurfi na watanni a Gana don ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi. Shi wannan ta hannun gwamnati ake tura suna, saboda haka ka haɗa takardunka, da wasiƙar goyon bayan wurin aikinka, tun kafin sanarwa ta fito.