Kurakuran da ma'aikata ke yi wajen zaɓen wurin zama idan an turo su Gombe

Takardar canjin wurin aiki ta fito, an ba mutum mako biyu ya kama aiki a Gombe. Abin da akasari ke fara yi shi ne kiran dillali ko wani tsohon abokin karatu: "Don Allah a samo mini gida mai ɗaki uku, mai sauƙin kuɗi." Daga nan ake fara kuskure, domin an tambayi gida tun ba a tambayi wuri ba. Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, da aka cire ta daga Jihar Bauchi, kuma tun daga lokacin garin yake bunƙasa har ya tsallake iyakar ƙaramar hukumarsa. Tumfure da ke hanyar Bauchi ƙasar Akko ce. Liji da Kwadon da ke hanyar Dadin Kowa suna cikin Yamaltu/Deba. Duk waɗannan wurare ana kwana a cikinsu a zo aiki cikin gari, amma zaman kowanne daban yake, kuma kuɗin haya shi ne ƙaramin abin da ya bambanta su.

Lissafin haya ba tare da lissafin hanya ba

Wannan ne ya fi cin mutane. An ce maka gida a Kumo ko Dadin Kowa ya fi na unguwannin cikin gari irin su Tudun Wada ko Federal Low Cost araha nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ne. To amma kowanne daga garuruwan nan biyu kusan kilomita 40 ne daga Gombe. Zuwa da dawowa 80 ke nan. A wata mai ranakun aiki 22 ka yi kilomita 1,760. Idan motarka na shan lita ɗaya a kowace kilomita goma, kana bukatar lita 176 a wata, ban da juyen baƙin mai da taya da ke zuwa da wuri. Ka ninka wannan da farashin lita na yau, sannan ka ninka sau goma sha biyu, ka ajiye shi kusa da rarar da ka samu a haya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya rarar ta rinjayi kuɗin man.

Wanda ba shi da mota ma lissafin bai bar shi ba. Ya ƙirga hawa nawa zai yi: acaɓa daga gida zuwa bakin titi, mota zuwa tasha, Keke Napep daga tasha zuwa ofis. Hawa uku da safe, uku da yamma. Gidan da ya fi tsada kaɗan amma hawa ɗaya ne tsakaninsa da wurin aiki, sau da yawa shi ne mai arahar.

Gyaran mai sauƙi ne. A fara da ƙofar wurin aiki, a nemi gida a ɓangaren garin da take. Mai aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Kwalejin Ilimi ta Fasaha, waɗanda ke hanyar Ashaka, ba shi da dalilin zama Kwadon yana ratsa tsakiyar gari kullum. Wanda aka tura filin jirgin sama na Lawanti, Tumfure ta fi masa. Wanda aikinsa ke Jami'ar Tarayya ta Kashere ko kamfanin siminti na Ashaka kuwa, ya yi wa kansa adalci: ko dai ya zauna kusa da aikin, ko ya ajiye iyali a Gombe ya kama ɗaki ɗaya a can yana zuwa gida ƙarshen mako. Jeka-ka-dawo na kullum a irin wannan nisa yana cinye albashi, yana kuma cinye lafiya.

Sannan kada a gwada hanya ranar Asabar da rana, lokacin da titi yake fayau. A bi ta ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, da irin abin hawan da za a riƙa amfani da shi, a duba agogo. A sake bin ta bayan magariba, a ga ko ana samun abin hawa a lokacin, da nawa suke caji in duhu ya yi.

Ruwa

Da za a ce mu zaɓi abu ɗaya da baƙo zai bincika a Gombe, ruwa za mu ce. Ruwan famfon garin daga madatsar Dadin Kowa ake turo shi, kuma ba kowace sabuwar unguwa bututu ya kai ba. A wuraren da ke kan tudu ta yammacin gari, wajen Tumfure, ruwan ƙasa yana da nisa ƙwarai, shi ya sa haƙa rijiyar burtsatse a can ba ƙaramin kuɗi yake ci ba, kuma gidaje da yawa da tanka ko 'yan garuwa suka dogara.

Kuskuren da ake yi shi ne a ga kan famfo a tsakar gida a ɗauka akwai ruwa. Kan famfo ƙarfe ne kawai. Murɗa shi. In ruwa ya zo, bi bututun ka ga daga ina yake: daga layin gwamnati ne, daga burtsatsen gidan ne, ko daga tankin da aka cika jiya saboda an san za ka zo? In burtsatse ce, a tayar da injin a gabanka, a bar shi ya yi minti goma sha biyar. Rijiyar da ba ta da ƙarfi takan fara da kyau, sai ruwan ya koma tsiyaya ko ya fara kawo yashi. Ka tambayi wanda ke biyan gyaran famfon da ke cikin rijiyar idan ya ƙone, domin a kan wannan ake yawan ɓatawa da masu gida.

Ga lissafin da ya kamata a yi. Mutum ɗaya na bukatar wajen lita 50 a rana don sha, girki, wanka, alwala da wanki. Gida mai mutum shida lita 300 ke nan, wato jarka 12 masu cin lita 25, kusan kura guda ta ɗan garuwa kowace rana. Tanki mai lita 2,000 ba zai kai wa gidan mako cikakke ba. Ka tambayi kuɗin kura a unguwar, amma kada ka tambayi na yau kaɗai, ka tambayi na watan Afrilu, lokacin da bazara ta kankama, rijiyoyi suka ja baya.

Kuma ba dillali ake yi wa wannan tambaya ba, shi la'adarsa yake nema. Ka tsaya wajen mai shayi ko mai shagon bakin layi, ka yi sallama ka ce, "Malam, don Allah yaya kuke yi da ruwa a nan in zafi ya shigo?" In da hali uwargida ta shiga maƙwabta ta gaisa da matan gidan. Abin da za su gaya mata cikin minti biyar ya fi abin da za ka ji a yini guda a waje, don su ne ke fama da bokiti.

Kallon gida da rani a manta da damina

Ƙasar Gombe yashi ce mai saurin zaizaya, garin kuma gangare ne daga yamma zuwa gabas. Ruwan sama in ya sauko daga tudu da ƙarfinsa yake zuwa, shi ya haifar da manyan kwarurrukan da suka ratsa unguwanni. An yi manyan ayyukan gyara a wasu, kamar wanda ya bi ta wajen Jami'ar Jihar Gombe zuwa Malam Inna da Kagarawal, amma ƙananan kwari da ke sababbin unguwanni suna nan suna cin ƙasa kowace damina.

Wanda ya zo neman gida a watan Janairu zai ga layi busasshe, yashi lallausa, ya ce ai hanya lafiya lau. Wannan yashin da ya taru a tsakiyar layi shi ne shaidar cewa nan ne hanyar ruwa. Ga abin da ake dubawa: gindin katanga, ko ruwa ya ƙwaƙule ƙasa har tubalin tushe ya bayyana, layin danshi ko farin gishiri-gishiri a jikin bango, wanda ke nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa, dakalin da aka ɗaga a bakin ƙofa fiye da kima, buhunan yashi da aka jera a bakin layi. A cikin ɗaki a ɗaga kai a dubi silin, tabo mai launin ƙasa-ƙasa alamar yoyo ne, ko da an ce an gyara. Sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, sama kuma tsoho, abin tambaya ne. A zagaya bayan gidan da ƙafa a ga ko akwai kwari kusa, a kuma tambaya ko akwai kwalbati a hanyar da za ta fitar da kai bakin kwalta. Akwai layukan da in an yi ruwan dare a watan Agusta, mota ba ta fita sai rana ta ɗaga.

Wuta da sabis

Kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos ne ke ba Gombe wuta, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni: na A an yi masa alkawarin aƙalla awa 20 a rana da farashi mafi tsada, na B awa 16, har zuwa na E mai awa huɗu. Ka san rukunin da layin yake kafin ka biya. Abin da ya fi wannan cizo shi ne bashin da tsohon ɗan haya ya bari. Ka karɓi lambar mita, ka je ofishin kamfanin a duba maka. In akwai bashi, a rubuta a yarjejeniya cewa na mai gida ne, in ba haka ba duk katin da ka saya za a riƙa zaftare wani abu. Ka kuma shiga har ɗakin kwana da wayarka ka kira wani, don akwai gidajen bayan gari da sai an fito tsakar gida ake samun sabis.

Zaɓen wuri don kai kaɗai

Maigida yakan auna nisan ofishinsa ya manta da sauran mutanen gidan. Makarantar boko da Islamiyyar yara, wa zai kai su, da wane abin hawa? Cefane fa, akwai 'yar kasuwa kusa ko sai an shiga babbar kasuwa? Abin da ya fi duka, in naƙuda ta tashi ko zazzaɓin yaro ya yi tsanani da ƙarfe biyun dare, minti nawa ne zuwa asibitin da ke da likita a lokacin, kuma akwai maƙwabci mai mota? Kemis ɗin bakin layi ba ya maye gurbin wannan.

Tsaro ma a ƙafa ake bincikensa. Unguwar da rabin gidajenta kangaye ne da ba a gama ba takan yi shiru da rana idan kowa ya tafi aiki, ɓarayi kuma sun san haka. Je ka gaida mai unguwa, wanda a wurare da yawa a Gombe Jauro ake ce masa. "Ranka ya daɗe, baƙo ne ni, aiki ya kawo ni, ina so in zauna a ƙasarka." Daga nan za ka ji ko akwai 'yan sintiri, nawa kowane gida ke bayarwa a wata, kuma shi ne zai tabbatar maka ko wanda ya ce gidan nasa ne, nasa ne ɗin.

Gaggawar biya da gaggawar sayen fili

Dillali zai ce akwai wani da zai kawo kuɗi gobe. Bar shi ya kawo. Wanda bai san gari ba, gara ya yi wata ɗaya ko biyu shi kaɗai a masauki ko wajen abokin aiki, ya zagaya ya ga wurare da idonsa, sannan ya ɗauko iyali. In an tashi biya, shekara ɗaya ta isa. Biyan shekara biyu a unguwar da ba ka taɓa yin damina a cikinta ba ɗaure kai ne. A tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai gidan, a karɓi rasit, la'adar dillali kuma, wadda galibi kashi 10 cikin 100 ce, a yanke ta tun kafin a fara zagayen gidaje. Yarjejeniya ta faɗi ranar shiga, wa'adin sanarwa kafin tashi ko ƙarin haya, da wanda zai gyara rufi, sokawe da burtsatse. Gyaran da aka yi alkawari a yi shi kafin kuɗi su fita, don "za a yi in ka shiga" ba kasafai yake cika ba.

Fili kuwa, kada araharsa ta ruɗe ka a watanninka na farko. Filayen bayan gari da yawa gonakin gado ne da aka yayyanka, wani lokaci ba da yardar duk magada ba, wani kuma ya faɗa kan hanya ko magudanar ruwa a taswirar gwamnati. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfani, amma ba ita ce shaidar mallaka ba. Ka kai bayanan filin hukumar GOGIS, mai kula da filaye a jihar, a bincika maka ko yana da mai shi a rajista da kuma abin da aka ware wurin dominsa. Sannan ka koma filin da kanka washegarin ruwan sama mai ƙarfi, ka tsaya a tsakiyarsa ka ga ta inda ruwan ya bi.